Dalilin Da Na Hana Ka Koren Akwati

Bismillahir Rahmanir Rahim.

Zuwa ga ɗana Hamza,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa da sa albarka, ina roƙon Allah Ya kai ka Riyad lafiya, Ya tsare ka a hanya da masauki, Ya haɗa ka da abokan aiki masu tsoronSa. Amin.

Ka ga rubutu mai kyau, to ba nawa ba ne. Ummanka ce ke riƙe da biro ni ina faɗa, don ita ta yi firamare a Kano kafin mahaifinsu ya kwaso su zuwa Madina, ni kuwa bokona sai ka ce kaza ta yi tono. Kuma da gangan na ce a yi da Hausa. In na yi maka da Larabci a tsaye za ka karance, ka ce "ɗayyib ya abuya", ka cusa a aljihu. Hausa kuwa dole ka nemi wuri ka zauna, ka bi ta baƙi-baƙi kamar ɗan aji ɗaya. Haka nake so.

Yau kwana huɗu ba ka sa hannu a kwano ɗaya da ni ba, kada ka ɗauka ban lura ba. Ka samu aiki a wurin wasan harbi mai izinin hukuma, za ka riƙa kula da bindigogi da ɗakin da ake sake cika harsashi, kuma wallahi na yi murna har na kasa ɓoyewa. Sai ka zo ka ce in ba ka koren akwatin nan na ƙarƙashin matakala, mai tsohon injina na cika harsashi. Ka ce injinan can na wani kamfani ne daban, amma ba za a rasa abin da za ka cira daga nawa ka sa a nasu ba. Ka ce, "Ai duk lamba ɗaya ce, abuya." Na ce a'a a gaban 'yan'uwanka, da tsawa, ban ba ka dalili ba. Tsawar kuskure ce, ka yi haƙuri. A'ar kuwa tana nan daram, ga kuma dalilinta.

Ka san mu maƙera ne. Kakanka daga Haɗeja ya taso da ƙafa, ya shekara bakwai a hanya, yana ƙira a Sudan yana tara guzuri, har Allah Ya kawo shi unguwar Harra ta Gabas a nan Madina ya kafa maƙera a kan baƙin dutse. Ni na tashi na tarar zamani ya juya, sai na koyi injin sassaƙa ƙarfe, na buɗe shagon sassaƙa, makhraɗa, a bakin layinmu. Kai, Harra ta wancan lokaci! Da hantsi ƙarar guduma, da azahar ƙamshin tsire daga kwanar masallaci, tsofaffi a kan tabarma suna musu da Hausar Kano da ta Damagaram da ta Sudan, kowa na cewa tasa ce ta asali. Duk abin da ya lalace a unguwa, daga famfon ruwa zuwa keken ɗinki, sai ka ji Balarabe na cewa, "A kai wa Hausawi, zai lallaɓa." Mu kuma kanmu ya kumbura. A wurinmu babu ƙarfen da ba ya shiga ɗan'uwansa, sai dai a ce magagari bai ci shi sosai ba. Wannan taƙama ita ta ciyar da ku, kuma ita ce ta kai ni ta baro.

Kawunka Hamza, yayan Ummanka, wanda ka ci sunansa, shi ne abokina tun kafin in san yana da ƙanwa. Tela ne a lokacin, shagonsa a unguwar Sih, in ya ɗinka maka riga sai an tare ka a hanya an tambaye ka. Idan kaka ta shigo kurciyoyi suka fara ratsowa, ranar Alhamis sai mu rufe shago mu hau tsohuwar motarsa mu nufi kwaruruka. Shayi da na'ana'ar Madina a kan garwashi, gurasa, ɗan ƙullin yaji. In mun samu kurciya biyar mu gasa, in ba mu samu ba mu ci gurasa mu dawo muna yi wa juna ƙarya. Ban ƙara jin daɗin duniya irin na ranakun nan ba, kuma ba na jin zan ƙara.

Harsashi ba ya samuwa ko da yaushe, doka kuma ba ta kai tsananin ta yanzu ba. Gara yanzu, ka riƙe izininka da kyau, abin da takarda ba ta ba ka ba kada ka kusance shi. To a kasuwar gwanjo na ci karo da injin nan, makbas muke ce masa, ƙirar Italiya, mai jan hannu. Ka sa kwanson da aka riga aka harba, ka ja hannu, ya zuba albarushi, ya zuba dalma, ya rufe baki. Na ɗauko shi kamar na tsinci zinariya. Daga baya wani direba ya kawo mini jaka guda ta tarkacen wani injin ƙirar Amurka, na haɗa duka na zuba a akwati ɗaya.

Kuskurena na farko abin dariya ne. Kan da ke rufe bakin kwanso ya gaji, sai na ɗauko na Amurkan. A ido zarensu ɗaya. Na murɗa, zagaye biyu ya tafi sumul, a na uku ya cije. Mai hankali a nan zai tsaya. Ni kuwa sai na zura wa sifana bututu na hau kai da ƙarfina, ji kake ƙaras, zare ya zube kamar garin masara. Ashe wancan da inci aka yanka shi, wannan da milimita. Kawunka yana zaune a kan durom yana shan shayi, ya yi dariya har ya ƙware. Ya ce, "Ilyasu, ƙarfen nan da Turanci yake ce maka a'a, kai kana amsa masa da Hausa." Na ji haushi, na kwana biyu a kan injin sassaƙa, na yanka sabon zare, abu ya zauna ya yi aiki. Ka ga masifar ke nan, da ya ƙi da na koyi darasi. Da ya yi, sai na ƙara yarda cewa hannuna ya fi takardar kamfani.

Saboda haka, ya waladi, abin da bai shiga da yatsu biyu ba, kada ka ƙara masa na uku, balle bututu. Akwai kayan da kamfanoni suka yarda suna shiga na juna, akwai waɗanda ba su yarda ba, kuma ba idonka ne zai raba ba. Ka buɗe littafin injin. In bai faɗa ba, ka rubuta wa masu shi ka jira amsa. Mu a da sai wasiƙa ta yi wata biyu a hanya, kai kuwa ga waya a hannunka kana kallon kuliyoyi da ita.

Na biyu, kwanso. Duk inda muka je sai in tsince su, ja da kore da shuɗi, namu da na waɗanda suka riga mu, in zuba a buhun shinkafa. Tunda bakinsu ɗaya kuma duk suna shiga bindiga, ni a wurina 'yan uwa ɗaya ne. Akwai wani tsoho Ba-Bukhare mai gyaran bindigogi, Allah Ya jiƙansa, ya ga buhun nan ya girgiza kai. Ya ɗauki ja ɗaya da kore ɗaya, ya raba kowanne biyu da zarto, ya ajiye a gabana. Wallahi cikinsu ba ɗaya ba, wannan gindinsa mai kauri, wancan siriri, ɗakin wannan ya fi na wancan faɗi. Ya ce, "Ya ibni, kama da wane ba ta wane." To, da Larabci ya faɗi nasa, amma ma'anar ke nan. Na ce na'am ya ammi, na gode, na fita na ci gaba da abina. Shi ya sa harsashina wani ya yi fus kamar tusar jaki, wani ya yi harbin jakin gaba ɗaya. Muna dariya muna cewa albarushin ne ya sha sanyi.

Kowane kamfani da kayansa ya yi gwajinsa, abin da ya rubuta a kan nasa yake magana. Kada ka ɗebo rabi a littafin wannan, rabi a na wancan, ka haɗa kamar yadda mata ke karɓar sirrin miya a gidan biki. Ummanka ta ce in janye wannan, wai miyarta ba ta taɓa fasa tukunya ba. Na janye. Amma ka ware kwanso iri-iri, kowanne da mazubinsa da sunansa a jiki, ko da abokan aiki za su ce ka cika ƙaƙale.

Na uku shi ne dalilin takardar nan. Ban taɓa faɗa wa kowa ba sai mutum ɗaya.

Saura mako uku a ɗaura aurena da Ummanka. A cikin makbas akwai wani ɗan guntun bututun tagulla, jilba, bai fi kan babban yatsa ba. Shi ne mudun albarushi, abin da cikinsa ya ɗauka shi ke zuba a kwanso. Tawa ta ɓace, na neme ta sama da ƙasa ban gani ba, ga shi na yi wa kawunka alkawarin fita ta ƙarshe kafin in zama magidanci. Sai na zazzage jakar Amurkan, na ga jilba mai lamba daidai da ta wadda ta ɓace. Na ce alhamdulillahi, ai duk lamba ɗaya ce. Ka ji maganarka ko? A bakina ta fara fitowa, kafin a haife ka.

Ta ɗan fi ramin kauri, ta ƙi shiga. Ƙarfe ya sake ce mini a'a. Na ɗora ta a injin sassaƙa na rage bayanta kaɗan-kaɗan, har ta zauna kamar a nan aka haife ta. Na tsaya ina kallon aikina ina jin daɗi. Bayanta na gyara, cikinta kuwa ko leƙawa ban yi ba. A tsallaken titi akwai maƙerin zinariya mai ɗan mizani, tafiyar minti biyar. Da na ɗebi abin da ta zuba na kai masa ya auna, da magana ta ƙare. Ban je ba, don mutumin akwai tsiya, zai ce yau Hausawi da kansa ya zo tambaya. Na cika kwali biyu. Ɗaya na riƙe, ɗaya na miƙa wa kawunka na ce kyautar suruki ce.

Da sassafe muka isa kwarin. Ban ko buɗe kwalina ba, ina hura wuta, shi ya yi gaba. Na ji harbi na ɗaya, na ce a raina yau da ƙarfi. Na ji na biyu. Na uku ba ƙarar bindiga ba ce. Da na iso yana durƙushe, bakin bindigar ya tsage kamar ɓawon ayaba, ya riƙe hannun hagu da na dama, bai yi ihu ba, salati kawai yake yi. Na naɗe hannun da rawanina na sa shi a mota. Har muka shigo gari yana ce mini, "A hankali, ango, kada ka kashe mu."

Daga nan ka ga rubutu ya canza. Ummanka ta ajiye biro ta shiga ciki. Zan ƙarasa da hannuna, ka yi haƙuri da tonon kaza.

Yatsu biyu suka tafi, na uku ya sandare. Kowa ya ce tsohuwar bindiga ce, ni ma na so in yarda. A rana ta uku na kasa daurewa, na farke harsashi biyar daga kwalina na kai wa maƙerin zinariyar nan da na ƙi zuwa wurinsa. Ya auna, na duba littafi. Kowanne ya haura abin da aka rubuta, ba da kaɗan ba. Lambar da ke jikin jilba suna ne kawai da kowane kamfani ya raɗa wa tasa, wannan da irin lissafinsa, wancan da nasa. Mutumin ko tsiyar bai yi mini ba, ruwa ya ba ni.

Na tafi asibiti na tarar da kawunka shi kaɗai, na faɗa masa duka. Sai ya ce, "Wa ka gaya wa?" Na ce babu. Ya ce, "To rufe bakinka. In Baba ya ji, auren nan ya mutu, yarinyar nan kuma tana son ka, ban san me ta gani ba. Yatsuna ba za su dawo ba don an fasa biki. Bindiga ce tsohuwa, ka ji ko?" Na yi kuka kamar yaro, shi da ke kwance shi ke ba ni haƙuri. Da ɗaurin hannu ya tsaya a ɗaurin aurenmu, har ya yi wa mutane barkwanci.

Tela da hannun hagu yake bin yadi. Ya gwada shekara guda, ɗinki ya ƙi miƙewa, ya sayar da keken ya koma kasuwar dabino, inda ka tashi ka gan shi. Rigar angoncina ita ce ta ƙarshe da ya ɗinka da hannu cikakke, tana nan a ƙasan akwatin tufafina. Ban ƙara fita farauta ba, mutane suka ce aure ne ya zaunar da ni. Da aka haife ka na ce Hamza za a sa, Ummanka ta ji daɗi ta ɗauka kara ce na yi mata.

Ga abin da nake so ka ɗauka. Kada ka yarda da lamba, ka yarda da mizani. Duk lokacin da ka canza wani abu a inji, ko da na kamfaninsa ne, ka auna abin da yake zubawa, ka sake aunawa, ka kira wani ya duba bayanka. In an yi maka dariya, dariya ba ta cire yatsa. Kuma ka tuna ba kai za ka harba yawancin abin da ka cika ba. Wani ne zai ɗauka, ya kwantar da kuncinsa a kai, ya yarda da kai bai ko san sunanka ba. Gadonmu na lallaɓawa yana da wurinsa, ka gyara famfo da shi, ka gyara ƙofa. Inda albarushi yake, ka ajiye shi a bakin ƙofa tare da takalmanka.

Akwai na huɗu, yanzu da nake rubutu na gan shi sosai. Shirun nan. Kawunka ya rufa mini asiri don alheri, ni kuma na ɓuya a bayan alherinsa shekara talatin da uku. Mako uku ya kamata shirun ya yi, ko shekara, ba rayuwa guda ba. In ka yi kuskure a wurin aiki, ko kwali ɗaya ne kake shakka, ka faɗa a ranar, a dawo da shi a farke. Kunyar yini ɗaya ce. Tawa ga ta nan har na yi furfura ina ɗauke da ita.

Ranar Juma'a bayan la'asar na je unguwar Bani Harisa na sami kawunka, na ce masa ka nemi akwatin, na kuma faɗa masa abin da ka ce. Ya ajiye kofin shayi ya ce, "Faɗa masa. Yatsu biyu sun ishi gidan nan, kada a ƙara." Na ce Ummanka fa? Ya ce, "Wannan kuma kai da ita, ni na yi nawa." Shi ya sa na ce ita ta riƙe biron. Ban iya kallon idonta in faɗa ba, sai na bi ta kanka. Wannan ma ragwanci ne, na sani.

Akwati yana nan inda yake, ba za ka tafi da shi ba. Abin da ke cikin ambulan nan mai nauyi jilbar ce. Na buga mata guduma na lanƙwashe bakinta, ba za ta ƙara shiga injin kowa ba. Ka rataya ta a makullanka. Kafin ka kama hanya ka je ka yi sallama da Masallacin Annabi, sallallahu alaihi wa sallam, daga nan ka wuce wurin kawunka. Kullum hannun dama kake ba shi. Wannan karon ka kama na hagun ka sumbace shi, ba sai ka ce komai ba.

Allah Ya yi maka albarka, Ya tsare hannunka da hannun duk wanda zai amince da aikinka.

Mahaifinka,
Ilyasu

Hamza, ni ce Ummanka, na karɓi biron. Shekara talatin da uku duk Idi ni ke ɓalla wa Yaya maɓallin hannun riga, ina tsine wa bindigar nan da wanda ya yi sanadi. Ashe mutumin yana zaune a gefena yana cin tuwona, yana cewa amin. Ban san abin da zan ce masa ba tukuna. Wannan tsakanina da shi ne, babu ruwanka, kuma kada ka kuskura ka raina ubanka a kai, don ba ƙaramin abu ya yi yau ba. Ni dai ranar da aka haife ka, kafin in tambaya mace ce ko namiji, yatsunka na fara dubawa, goma cif. Haka na ba da kai, haka nake so ka dawo mini. Yanzu ka sauko ka ci abinci da shi, tun ɗazu yake zaune gaban kwano bai taɓa ba. Allah Ya kai ka lafiya, Ya dawo mana da kai lafiya. Amin.